Kafin ka biya kuɗin mota, ka tambayi kanka wa zai saye ta a hannun ɓarawo

Sana'ata wayarin ɗin mota, a Kaduna nake aiki, kuma kaso mai yawa na abin da ke shigowa garejinmu a 'yan shekarun nan sa wa mota sakyuriti ne. Abin da ke damuna shi ne mutane ba sa nemana sai sun riga sun biya kuɗi, an yi wa motar lamba, 'yan uwa sun zo sun yi Allah ya sanya alheri. A lokacin kuwa an riga an gama rabin magana. Irin motar da ka ɗauka, da makullin da ta zo da shi, da launinta, sun fi duk wata na'urar da zan ɓoye maka a cikinta tasiri. Don haka wannan bayani na mutumin da kuɗinsa ke aljihu ne har yanzu, yana zagaya wuraren dillalai yana dubawa.

Ɓarawon mota kafin ya taɓa ƙofarta ya san inda zai kai ta da nawa za a ba shi. Wata yanka ta ake yi a daren da aka ɗauke ta, inji gefe, giya gefe, ƙofofi da fitilu gefe, kafin gari ya waye babu abin da za ka nuna ka ce taka ce. Wata a canza mata fenti da lamba, a haɗa mata takardu, a sayar a wata jiha. Wata kuma a bi da ita ta hanyoyin daji da ke kewaye da Jibiya ko Maigatari ko Illela ta ɓulla Nijar, kamar yadda wadda aka sato daga can ke shigowa nan. A bayan kowace hanya akwai ɓarawon zaune da ke jira da kuɗi a hannu, kuma shi ne ke faɗin irin motar da yake so. Idan ba ya son irin taka, na tsaye ba zai ɓata darensa a kanta ba.

To yaya za ka san irin da yake so? Ka je kasuwar kayan gyara, Fanteka idan a Kaduna kake, Ƙofar Ruwa a Kano, Apo a Abuja. Ka tambayi injin motar da kake shirin saya, da giyarta, da fitilar gaba, da madubin gefe. Idan shago na farko ya ce akwai, na biyu ma akwai, yaron shago ya san ta tun kafin ka gama faɗin sunanta, to mota ce da kayanta ke tafiya kamar ruwa. Mafi yawan 'yan kasuwar nan mutanen kirki ne masu sauke kwantenarsu ta halal, ba su nake zargi ba. Abin da nake so ka auna shi ne yawan masu nema, domin inda masu nema suka yi yawa nan kayan sata ke samun wurin sajewa.

A wannan ma'auni Toyota ce kan gaba, musamman Corolla ta 2003 zuwa 2008 da wadda ta biyo ta, sai Camry tun daga mai siririyar fitila har zuwa Big Daddy da Muscle, sai Sienna da Highlander. Honda Accord da muke kira Henesi da EOD da DC suna biye. A nan Arewa dole ka ƙara da Peugeot 406 da 206, saboda tun da kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975 muka saba da ita, ko'ina akwai makanikenta da mai neman kayanta. Golf 3 da Sharan kuwa masu haya ne ke cinye su, mota ta shiga layin ƙauye tana ɗaukar buhuna, wa zai tsaya duba asalinta?

Ga inda maganar take da ɗaci, kuma ba zan ɓoye maka ba. Dalilan da suka sa kowa ke ce maka ka sayi Corolla, wato ba ta shan mai, kayanta ko'ina akwai, ranar da ka matsu za ka sayar da ita kafin la'asar, su ne dai dalilan da suka sa ɓarawo ke son ta. Ba za ka samu motar da ke da saurin sayuwa a hannunka amma ba ta da shi a hannun ɓarawo ba. Sai dai ka zaɓi wanda za ka iya ɗauka. Mutumin da ke da gida mai get da maigadi, wurin aikinsa ma akwai shinge, ya sayi Corollarsa ya ware kuɗin tsaro. Wanda kuwa yake gidan haya, motarsa a bakin layi take kwana, ko a gidan mai da ake biyan kuɗin gadi, ni shawarata gare shi ya sauka daga layin da kowa ke bi.

Ya duba Mazda 3 ko Mazda 6, ko Ford Focus ta kafin 2012, ko Skoda, ko Opel, ko Volvo idan yana da makaniken da ya san ta. Sau da yawa za ka same su sun fi Toyota ta shekararsu araha, kuma bambancin kuɗin zai biya maka tiraka, wato na'urar bin sawun mota, da inshora. Amma kada gudun ɓarawo ya kai ka ga motar da za ta kwana wata biyu a gareji tana jiran kaya daga Legas. Focus ta 2012 zuwa 2016 mai otomatik an san ta da matsalar giya, haka Nissan Altima mai giyar CVT. Kafin ka biya, ka tabbatar a garinku akwai aƙalla makanike ɗaya da ya ƙware a kanta da shagon da ke ajiye kayanta na yau da kullum, birki da bel da filta da shokozoba.

Wasu kan ce mini, ai ni Pontiac Vibe zan saya, ba Toyota ba ce. Suna kawai aka canza. A masana'anta ɗaya da Toyota aka ƙera ta a Kalifoniya, tagwayen Toyota Matrix ce, injinta na Corolla ne. Mai yanka mota ya fi ka sanin haka.

Yanzu makulli, wanda a wurina shi ne zuciyar maganar. Akwai motar da makullinta ƙarfe ne zalla: duk abin da ya iya murɗa wurin makullin, to ya tayar da ita. Irin wannan ce ake ɗaukewa a ƙofar masallacin Juma'a ko wurin ɗaurin aure kafin a shafa fatiha. Akwai kuma mai imobilaiza, wadda a cikin kan makullinta akwai wani ɗan ƙaramin cip da yake gaisawa da ƙwaƙwalwar motar. Idan ba su gane juna ba, ƙwaƙwalwar ba za ta saki mai ko wuta ba, ko da an fasa wurin makullin an murɗa shi. Wannan ba ya hana ƙwararren da ya zo da kayan aikinsa, amma yana korar mafi yawan masu yawo da makullin ƙarya a aljihu, kuma su ne suka fi yawa.

Inda motar ta fito yana gaya maka abubuwa a nan. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta imobilaiza a kan sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi a 2007, Amurka kuwa ba ta wajabta ba, ta bar wa kamfanoni zaɓi. Shi ya sa 'yar Beljiyam ta bayan 1998 kusan kullum tana da shi, amma wadda ta zo daga Amurka sai ka duba. Accord ta Amurka tana da shi tun 1998. Corolla ta 2003 da 2004 da Vibe ta farko, da yawansu ƙarfe zalla ne. Babban abin lura shi ne Hyundai da Kia na Amurka masu makullin murɗawa, na tsakanin 2011 da 2021: an fitar da da yawa ba tare da imobilaiza ba, har matasa a can suka mayar da satar su wasa suna ɗorawa a TikTok. Irin waɗannan Elantra da Sonata da Optima suna cike a wuraren dillalanmu, masu kyau da sheƙi, mai saye yana ganin tunda sabuwar shiga ce ai tana da komai.

Kada ka tsaya ga maganar dillali, domin sau da yawa shi ma bai sani ba. Ka kashe motar, ka zare makulli, ka dubi dashbod: mai imobilaiza yawanci tana da 'yar fitila ja da ke ƙyaftawa, ko hoton makulli, ko hoton mota da kwaɗo. Wannan alama ce kawai. Gwajin da na yarda da shi shi ne a je wurin mai yanka makulli a yanko kwafi na ƙarfe zalla marar cip, kuɗinsa kaɗan ne. A sa shi, a ajiye na asalin nesa da motar. Idan ya buɗe ƙofa, ya murɗa, inji ya yi ta juyawa bai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take, alhamdu lillahi. Idan ta tashi ta zauna daram, ko dai ba ta da shi tun asali, ko an kashe shi.

Kashe shi ɗin nan ya zama ruwan dare a motocin hannu, kuma aikin abokan sana'ata ne, abin yana ba ni takaici. Mai mota ya ɓatar da makulli, ko yana son safaya amma ba ya son biyan kuɗin furogiramin, wato haɗa sabon makulli da ƙwaƙwalwar motar, sai a ciro cip ɗin a liƙa shi da salatif a jikin wurin makulli, a rufe da murfin sitiyari. Daga ranar motar kullum tana jin makullinta na kusa, kowane ƙarfe zai tayar da ita. Wasu kuma ƙwaƙwalwar ake yi wa aiki a cire tsarin gaba ɗaya. Don haka ka je da mai wayarin ɗinka ranar dubawa, ba makanike kaɗai ba. Ya kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, sukurori biyu ko uku ne, ya duba ko akwai cip a liƙe ko wayoyin da aka yanka aka haɗa.

Ka kuma tambayi makulli nawa ne. Idan ɗaya aka miƙo maka, ina ɗayan? Yana iya zama ya ɓace tun a gwanjon Amurka, yana iya zama yana hannun tsohon direba ko wani yaron gareji da ya san unguwar da motar za ta koma. A motoci da yawa na'urar sikanin tana nuna adadin makullan da ƙwaƙwalwar ta sani, kuma ana iya goge duk wanda ba ya hannunka. Ka sa a yi wannan a makon farko. Wani Alhaji da nake yi wa aiki ya taɓa ce mini, "Malam, ai wanda ya sayar mini mutumin kirki ne, tare muke sallah." Na ce, "Ranka ya daɗe, ban yi musu ba, amma shekara nawa motar ta yi tana zuwa wurin wanki da gareji da makullinta a hannun wasu?" Ya yi shiru, ya ce a goge.

Masu tashi da maɓalli, irin Lexus RX da Highlander da RAV4 da Camry na baya-bayan nan, nasu ciwon daban. Makullin yana fitar da sigina ko yana aljihunka, akwai kuma na'urar da ke janyo siginar daga cikin gida ta kai ta jikin mota. Idan irin wannan za ka saya, kada ka riƙa rataye makullin kusa da ƙofa ko taga. Ka sa shi cikin gwangwani mai murfi da dare, ka gwada ka tsaya kusa da motar da gwangwanin ka ga ko za ta buɗe. A makullan Toyota da Lexus da yawa na zamani, idan ka danne maɓallin kullewa ka riƙe, sannan ka danna na buɗewa sau biyu, makullin zai yi barci har sai ka sake taɓa shi. Kuma ko wace iri ce motarka, in ka danna rimot ka ja ƙofar da hannunka ka ji ta kulle kafin ka juya baya, domin akwai masu toshe siginar rimot a wuraren ajiye motoci.

Maganar giya ba ta da tsawo. A Amurka ana cewa giyar hannu tana korar ɓarawo saboda matasansu ba su iya ta ba. A nan duk yaron tasha da kuloci ya koyi tuƙi. Ka zaɓi giyar da ta yi maka daɗi.

Launi kuwa yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Corolla mai ruwan toka ko silba ko baƙa, in ta hau titin Ahmadu Bello da yamma ta shige cikin 'yan uwanta, ko kai mai ita sai ka karanta lamba. Amma ka ce an ɗauke ja, ko koriya, ko mai ruwan goro, mai shayi a bakin hanya ma zai ce ya ga wucewarta. Ɓarawon da zai sayar da ita ɗungurungum sai ya biya kuɗin fenti ya ɓoye ta kwanaki, kuma ya fi son wadda ba ta buƙatar haka. Dillalai sukan rage kuɗin irin waɗannan launuka saboda ba a rububinsu, ka ga riba biyu ke nan. Ka guji kuma ƙarin ado: rim masu tsada, allon talabijin a dashbod, manyan sifiku, baƙin gilas. Ko ba a ɗauki motar ba za a fasa gilas saboda su.

Satar sassa ma abin dubawa ne tun a wurin saye. Abubuwan da aka fi kwancewa su ne batir, madubin gefe, biren bokis (ƙwaƙwalwar motar), da abin da ke cikin salansa wanda muke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa irin su filatinam da faladiyam. Mota mai tsayi ta fi sauƙin shiga ƙarƙashinta a yanke salansa. Ka tambayi inda biren bokis ɗin motar yake: a wasu yana bayan akwatin gaban fasinja, a wasu yana cikin bonet, wanda ya fi sauƙin kaiwa. Mai walda zai iya yi masa keji da ɗan ƙarfe. Ka sa a zana lambar motarka a jikin gilasai da madubai da fitilu, domin kayan da ke ɗauke da lambar wani ba ya daraja a hannun mai saye.

Duk abin da na faɗa a kan satar motar da aka ajiye ne. Ƙwace da bindiga wani abu ne daban, babu makullin da ke hana shi, tunda da makullinka za a tafi. A nan irin motar ce kaɗai kariyarka. Hilux, musamman fara, da Land Cruiser da Prado suna da masu nema har cikin sahara, kuma suna sa a ɗauka mai su babban mutum ne. Idan aikinka bai buƙaci Hilux ba, kuma kana yawan bin hanyoyin da kowa ya san halinsu, ka haƙura da ita. In kuwa Allah ya ƙaddara aka tare ka, ka miƙa makulli, kada ka yi gardama. Na'urar da ke kashe inji bayan 'yan mintuna ni ba na sa ta sai na yi wa mai mota bayani sosai, saboda wasu 'yan fashin da mai motar suke tafiya, kuma mutuwar inji yana hannunsu haɗari ne a gare shi. Na fi son tirakar da za ka kashe motar da wayarka bayan ka tsira.

Akwai kuma wanda yana gudun ɓarawo ya je ya sayi motar sata da kuɗinsa. In ka ga farashi ya faɗi ƙasa warwas, mai sayarwa yana gaggawa, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Lambar cesis haruffa da lambobi 17 ce, babu harafin I ko O ko Q a cikinta. Ka duba ta a ƙasan gilashin gaba, da jikin ƙofar direba, da inda aka buga ta a ƙarfen motar, ka ga sun yi daidai da juna da kuma takardar kwastan. Sabon fenti ko alamar walda a kewayen lambar ya isa ka fasa ciniki. Idan daga Amurka ta zo, shafin intanet na VINCheck, na ƙungiyar NICB mai yaƙi da satar mota da zambar inshora a can, yana nuna kyauta ko an kai rahoton satarta. Wannan ba wasa ba ne: a 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka kawo Najeriya. Motar da aka ce 'yar Kwatano ce kuwa, ka tuna a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka ka kai takardarta ofishin kwastan a tantance. Ta hannu ce? Ka ga mai ita ido da ido, sunansa ya yi daidai da takardu, a rubuta yarjejeniya da shaidu, ka yi canjin mallaka nan da nan, ka kuma yi mata rajistar e-CMR, wato rajistar motoci ta intanet ta 'yan sanda.

Cikin kuɗin da ka tanada, ka bar wani abu a gefe tun kafin ciniki. Tiraka da layin waya take aiki, don haka layin ya zama da sunanka, an haɗa shi da NIN, kana sa masa kuɗi. Na sha buɗe mota na tarar da tiraka lafiya lau amma layinta ya daɗe da mutuwa. Kada a sa ta ƙarƙashin sitiyari, nan ake fara dubawa. Ka ƙara da ɓoyayyen maɓalli da ke yanke wutar famfon mai, wanda daga kai sai mai wayarin ɗin da ka amince da shi kuka san wurinsa, ka riƙa nuna wa mai wanki da makanike abin da ya zama dole kawai. Sai kuma sandar kulle sitiyari ko feda, wadda amfaninta shi ne ana hango ta daga waje. Inshorar naira 15,000 da ake yanka tun Janairun 2023 ta wanda ka buge ce, ba ta biyan sata ko sisi. Mai biyan sata ita ce cikakkiya, wadda hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, kuma akwai kamfanonin takaful ga wanda yake son tsarin Musulunci.

Mai sayen babur, ma'aunin ɗaya ne. Boxer ta fi kowane babur masu nema, daga 'yan acaɓa har mutanen daji, kuma makullin wuyanta ba ya tsayar da kowa. Idan na zuwa aiki da kai yara makaranta kake so, roba-roba ya ishe ka kuma idon da ke kansa bai kai na Boxer ba. Ko wanne ka saya, ka haɗa da sarƙa mai kauri da za ta ɗaure shi da wani abu da ba ya motsi, ka adana rasit mai lambar inji da ta cesis.

Ranar da motar ta shigo gida, ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, har da duk wani tabo ko lotsawa da ke jikinta, da lambar cesis da ta inji, ka tura wa matarka ko ɗan'uwanka ya ajiye a wayarsa. Takardar kwastan da shaidar mallaka na asali su zauna a gida, kwafi ne ke yawo a mota. Idan aka wayi gari ba ta nan, ka kira masu tiraka tun kafin ka fara zagaya unguwa, sannan ka kira 112 ko ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa da hotunan nan a hannunka, ka sa a shigar da ita cikin e-CMR a matsayin wadda aka sace, ka sanar da kamfanin inshorarka a ranar.